Kirkin Ubangida da Haƙƙin Bara: Tarken Jigon Shugabanci a Littafin Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Karin magana ne da ke wanke na sama, ya ɗora laifi a kan na kusa da shi, kuma har gobe ana jin irinsa a ofisoshi da kasuwanni, inda ma'aikacin da aka zalunta zai ce ai maigida mutumin kirki ne, zuga shi aka yi. Wannan takarda za ta ɗauki wannan magana ta auna ta da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Manazarta sun saba kallon littafin ta fuskar bauta, ko ƙaddara da haƙuri, ko darajar ilimi. A nan za a kalle shi ta fuskar yadda mai iko yake riƙe wanda ke ƙarƙashinsa. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, littafin ya nuna kirkin shugaba yana iya raya mutum, amma abubuwan da suka auku a cikinsa sun nuna cewa kirkin da babu adalci a bayansa kyauta ce kawai, wadda mai ita zai iya janyewa ran da ya ga dama, ko ya ba wani ya hana wani.

2.0 Littafin da Marubucinsa

Shaihu Umar yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta shekarar 1933, wadda Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya. Sauran su ne Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. An buga shi a 1934, lokacin da marubucin, wanda aka haifa a 1912, bai wuce shekara 22 ba, bai kuma daɗe da gama Kwalejin Katsina ya koma Bauchi koyarwa ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976.

Labarin a taƙaice shi ne: wani babban malami a garin Rauta, Shaihu Umar, almajiransa sun tambaye shi asalinsa, shi kuma ya warware musu. An haife shi a Kagara, ya tashi maraya. Uwarsa ta auri Makau, wani na hannun daman Sarkin Kagara. Bayan wani hari da aka kai ƙasar Gwari, ƴan'uwansa fadawa suka sare shi wurin sarki, aka washe gidansa, aka kore shi daga gari. Cikin wannan wargajewa aka sace Umar yana ƙaramin yaro, ya yi ta sauya hannu har ya iso Kano, inda wani Balarabe ɗan kasuwa, Abdulkarim, ya tafi da shi garin Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwar ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta. Sun sadu a ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Guguwar hamada ta halaka ayarin da Umar yake ciki, har da Abdulkarim, shi kuma ya tsira ya dawo ƙasar Hausa.

3.0 Kirki da Danginsa

Kafin a shiga tarke, ya kamata ɗalibi ya rarrabe wasu kalmomi da ake yawan cakuɗawa. Alheri aiki ne da ake yi wa wani, ana iya ƙirga shi. Kyauta abin hannu ce. Tausayi motsin zuciya ne idan an ga mai rauni. Kirki kuwa ya fi su faɗi, domin hali ne da ke tattare da mutum duka. A laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya kawo siffofi goma da Hausawa ke auna kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura a wannan jeri shi ne, karamci ɗaya ne kawai cikin goma. Mutum zai iya zama mai buɗaɗɗen hannu, amma ya rasa amana da adalci. Da wannan ma'auni za a duba masu iko biyu na littafin, wato Sarkin Kagara da Abdulkarim.

4.0 Sarkin Kagara da Makau

Makau ya shigo labarin a matsayin wanda sarki yake so. Wannan soyayya ita ce arzikinsa, ita ce kuma ta jawo masa hassada. A tsarin fada irin na wancan zamani, bafade ba shi da albashi, ba shi da wata takarda da ta ce ga iyakar aikinsa, ga abin da ba za a taɓa masa ba. Doki da riga da rabon ganima duk daga hannun sarki suke fitowa. Saboda haka ƙaruwar wani raguwar wani ce, kuma hanya mafi sauƙi ta hawa ita ce a tunkuɗo na sama. Marubucin ya fahimci wannan sarai, shi ya sa bai ɓata lokaci yana neman wa fadawan wani dalili na musamman ba. Kusancin Makau da sarki ya ishe su dalili.

Sarar da aka yi ita ce Makau ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, wato ya ci amanar sarki a rabon ganima. Yadda aka zana wannan fitowa, mai karatu zai fi jin haushin fadawa, kuma a nan ne littafin ya yi kama da mai gaskata karin maganar da aka buɗe takardar da ita. Amma idan aka natsu za a ga cewa fadawa magana kawai suka yi. Wanda ya ba da umarni a washe gida, a kori mutum, sarki ne. Shaidar da ya dogara da ita kuwa bakin waɗanda suka ƙulla abin ne. Shekarun da Makau ya yi yana yi masa hidima ba su zama hujjar da za ta sa a dakata ba.

Ba za a ce wannan ma'auni ne na zamani da aka ɗora wa sarkin da ba. Suratul Hujurat ta umarci a yi bincike kafin a yi aiki da labarin da aka kawo, don kada a cuci mutane cikin jahilci. Shehu Magili, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi ta jan kunne game da sarkin da ke nisantar jama'arsa. Wato ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa sarkin da ya bar na kusa da shi suka zama kunnensa da idonsa, shi ke da alhakin abin da suka sa shi ya yi.

Daga nan za a fahimci cewa abin da ke tsakanin sarki da Makau so ne da kyauta, babu amana mai tafiya ta ɓangare biyu. Makau ya riƙe amanar sarki, sarki bai riƙe tasa ba. Illar wannan hukunci guda kuwa ba ta tsaya kan Makau ba. Ita ce ta raba mata da miji, ta raba uwa da ɗa, ta buɗe ƙofar duk wata masifa da ta biyo baya. A zubin littafin, kuskuren shugaba ɗaya a zaman fada ɗaya shi ne tushen labarin baki ɗaya.

Marubucin ya ajiye wani a gefe don a kwatanta. Makau yana cikin daji bayan kora, ya haɗu da wani maharbi wanda ya taimake shi, ya nuna masa hanyar Maƙarfi inda zai sami wurin zama. Maharbin ba shi da sarauta, ba ya kuma jiran wata hidima daga Makau. Alherinsa shi ne mafi tsabta a littafin, kuma ba banza ba ne ya fito daga hannun wanda ba shi da iko a kan kowa.

5.0 Abdulkarim da Umar

Abdulkarim shi ne ubangidan da littafin ya yaba. Ya ɗauki yaron da ba shi da kowa, ya shigar da shi cikin iyalinsa, ya sa shi karatun Alƙur'ani, ya kai shi ga Shaihu Mas'ud har ya zama malami abin girmamawa. Bai kamata manazarci ya raina wannan ba. Duk abin da Umar ya zama, har almajiran da ke zaune gabansa a Rauta, daga wannan riƙo suka samo asali. A nan littafin ya faɗi wata gaskiya da ta shafi kowane shugaba: mafi girman alheri ga na ƙasa shi ne a ba shi abin da zai tsaya da ƙafarsa bayan ubangida ya kau. Guguwa ta binne ayari da dukiyarsa, amma ilimin da ke kan Umar ya fito tare da shi. Idan aka kwatanta, duk abin da Sarkin Kagara ya ba Makau a rana ɗaya aka kwashe shi.

Duk da haka akwai tambayar da mai ba da labarin bai yi ba. Ta wace hanya Umar ya shiga hannun Abdulkarim? Ta hanyar cinikin bayi a Kano. Abdulkarim ɗan kasuwa ne na ayarin hamada, irin ayarin da a ƙarni na 19 ke tashi daga Kano ya ratsa ƙasar da a yau take Nijar ya nufi Murzuk da Tarabulus, kuma mutane suna cikin hajar da ake ɗauka. Yaro ɗaya ya shiga ransa ya mai da shi ɗa. Sauran da aka ratsa hamada da su, littafin bai bi sawunsu ba. Kirkin Abdulkarim zaɓe ne, kuma abin da ya sa aka zaɓi Umar ba wani haƙƙi ba ne da yake da shi. Da ran Balaraben bai kwanta da shi ba, babu wanda zai tuhume shi.

Saboda haka masu ikon nan biyu, duk da bambancin halinsu, a kan tushe ɗaya suke tsaye. A Kagara da Ber Kufa duka, makomar na ƙasa tana rataye ne ga zuciyar na sama. Makau ya gamu da zuciyar da ta juya, Umar ya gamu da wadda ta tabbata. Sa'a ce ta raba su.

6.0 Uwar Umar a Matsayin Ma'auni

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne labarin uwar. Ta bi hanyar da ɗanta ya bi, daga Kano zuwa cikin hamada, amma abin da ta tarar daban ne. Wani mai suna Ado ya nuna mata fuskar taimako, ya yi mata alkawarin sada ta da ɗanta, sannan ya ci amanarta, ta ƙare a matsayin baiwa. Ita ƴa ce, matar aure, ba a kama ta da laifin komai ba. Abin da ya kai ta ga halaka shi ne ta amince da alherin wanda ya fi ta ƙarfi, a wurin da ba ta da mai tsaya mata.

Idan aka jera labarin ɗan da na uwar, za a ga tsari ɗaya ne ya haifar da malami ya kuma haifar da baiwar da wahala ta cinye. Wanda ya karanta rabin Umar kaɗai zai iya fita da ra'ayin cewa bauta a hannun mutumin kirki ba ta da laifi. Rabin uwar ya rushe wannan ra'ayi ba tare da marubucin ya yi wa'azi ko na layi ɗaya ba. Haɗuwarsu ta ƙarshe, wadda mutuwa ta biyo bayanta nan da nan, ita ce farashin da aka biya kafin Umar ya zama Shaihu. Kirkin Abdulkarim bai iya mayar wa yaron shekarun da ya yi babu uwa ba, bai kuma iya mayar wa uwar lafiyarta ba.

7.0 Salo da Rauninsa

Marubucin ya sa labarin a bakin dattijon malami mai magana da almajirai. Wannan zaɓi ya ba littafin natsuwa da sauƙin harshe, jimloli gajeru, babu kwarmato. Amma shi ne kuma ya jawo babban rauninsa. Dattijon da ya riga ya sallama wa ƙaddara ba ya tuhumar kowa. Yana ba da labarin harin ƙasar Gwari kamar yadda zai ba da labarin fita farauta. Mai karatu yana tausaya wa Makau don an yi masa ƙazafin ɓoye bayi, amma ba a tsaya an dubi bayin su kansu ba, alhali su ma an raba su da gidajensu kamar yadda za a raba Umar da nasa. Makau wanda aka zalunta a fada shi ne mai zalunci a ƙauyen da aka kai wa hari.

Za a iya yi wa marubucin uzuri da zamaninsa. Littafin ya fito a 1934, shekara biyu kafin dokar 1936 da ta kawo ƙarshen bauta a hukumance a Nijeriya ta Arewa, lokacin da iyayengiji da tsofaffin bayi suke raye a gari ɗaya. Saurayin malamin makaranta da ke rubutu don hukuma ta buga ba zai iya faɗin komai da baki ba. Abin da bai faɗa da bakin Shaihu ba, ya bar zubin labarin ya faɗa. Akwai kuma abin da ya biyo baya a rayuwarsa wanda ya dace a ambata. A 1950, a Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin neman a gyara tsarin mulkin En'e, wanda ya tara iko a hannun sarki shi kaɗai. A shekarun da suka biyo baya aka sauya doka, sarki ya zama yana zartar da al'amura tare da majalisarsa. Ba za a ce littafin ne ya haifi ƙudurin ba, amma matsalar da ya zana a fadar Kagara ita ce wadda ya tashi yana neman a yi wa magani.

8.0 Daga Fada zuwa Wurin Aiki

Dangantakar ubangida da bara ba ta mutu da mutuwar ayarin hamada ba. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin goro da shanu ya dogara ga maigida da yaransa. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda babban ɗan kasuwa ke gina harkarsa a kan barori, yana ɗaukar nauyinsu, su kuma suna yi masa hidima da fatan wata rana ya ba su jari. Tsarin yana da amfani na gaske. Ya fitar da mutane da yawa daga talauci, kamar yadda Abdulkarim ya fitar da Umar. Yana kuma da ramin da Makau ya faɗa. Yaron shago zai iya yin shekaru yana jiran sallama, sai ƙazafi ɗaya na ɓatan kuɗi ya sa a kore shi hannu rabbana. Ɗan koyo a gareji ko shagon tela, da ƴar aikin gida, da ƙaramin ma'aikacin da ci gabansa ya dogara ga fara'ar shugaban ofis, duk a wannan matsayi suke.

Misali mafi tsanani ya fito daga Nijar. Ƙasar ta mai da bautar da mutum laifi a dokarta a 2003. Hadizatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12, ta sami takardar ƴanci daga ubangidanta a 2005, amma ya hana ta tafiya, yana cewa matarsa ce. Abin da ya bayar da hannun dama ya riƙe da na hagu. Sai a watan Oktoba na 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta yanke hukuncin cewa ƙasa ta gaza kare ta, ta kuma ba da umarnin a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Abin da uwar Umar ta rasa a hamada shi ne wannan, wato wata hukuma da ta fi ubangida ƙarfi.

Wannan ba ya nufin doka za ta maye gurbin kirki. Ofishin da kowa ke bin ƙa'ida amma babu mai tambayar lafiyar ɗan'uwansa wuri ne mai wuyar zama, kuma babu dokar da za ta tilasta wa shugaba ya koya wa na ƙasa sirrin sana'a da zuciya ɗaya. Abin da littafin ya koyar shi ne tsarin abubuwan biyu. Adalci ne ke zuwa farko: a saurari wanda aka sara kafin a hukunta shi, a biya ma'aikaci abin da ya cancanta ba tare da ya roƙa ba, a sanar da ɗan koyo ranar da za a sallame shi. Alherin da aka ɗora a kan wannan shi ne wanda Hausawa suka ce danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda aka yi a madadin haƙƙi kuwa yakan zama igiyar da ake ɗaure mutum da ita, domin wanda ke cin kyauta ba ya iya ɗaga murya.

9.0 Kammalawa

Takardar ta duba masu iko biyu a littafin Shaihu Umar da ma'aunin kirki na Hausawa. Sarkin Kagara yana da karamci, ya rasa amana da adalci, kuma kuskurensa ne ya tarwatsa iyali guda. Abdulkarim yana da tausayi da karamci, ya kuma ba Umar ilimi wanda babu mai ƙwacewa, amma kirkinsa ya tsaya kan wanda ya zaɓa, a cikin cinikin da ya cinye uwar yaron. Saboda haka karin maganar da ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade ba ta tsira daga wannan littafi ba. Fadawan Kagara sun yi ƙarya, amma bakin da ya ce a kori Makau na sarki ne. Ɗalibin da zai sake karanta littafin zai amfana idan ya riƙe tambaya ɗaya a kowace fitowa da mai iko ya yi wa wani alheri: da mai ikon ya ƙi yi, wa na ƙasan zai kai wa kuka?